Interlaken: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Saɓa Jakar Goyo

Duk wanda ya taso yana kallon fina-finan Indiya ya taɓa ganin wannan yanki, ko da bai san sunansa ba. Ana tsakiyar labari a Bombay sai a soma waƙa, sai ga jarumi da jaruma suna tsere a kan ciyawa kore shar, bayansu tsaunuka fari fat da dusar ƙanƙara, ita kuma sanye da sari shara-shara kamar sanyi ba ya kama ta. Da yawa daga cikin wuraren nan ba a Indiya suke ba. Ƙasar Suwizalan ce, galibi ɓangaren da ake kira Berner Oberland, wato tuddan jihar Bern. Marigayi Yash Chopra ya yi ta kwasar 'yan wasansa zuwa can, har garin Interlaken ya kafa masa mutum-mutumi a wani lambu a 2016, yana jingine da kyamararsa.

Garin ɗan ƙarami ne, a ƙafa mutum zai ratsa shi cikin rabin awa. Yana zaune a kan wani shimfiɗaɗɗen fili tsakanin tafkuna biyu, Thun daga yamma, Brienz daga gabas, kogin Aare kuma ya fito daga ɗaya ya bi ta tsakiyar gari ya faɗa ɗaya. Sunan ma daga Latin ya samo asali, ma'anarsa "tsakanin tafkuna". Ruwan Brienz yana da wani launi tsakanin shuɗi da kore wanda in ka gan shi a hoto sai ka rantse an yi masa kwaskwarima a waya. Ba a yi ba. Kogunan ƙanƙarar da ke saman tsaunuka ne suke niƙa dutse ya zama gari mai laushi fiye da bula, narkakken ruwa ya kwaso shi zuwa tafki, ya ƙi kwantawa a ƙasa, hasken rana in ya doke shi sai ya ba da wannan launi. Zurfin tafkin ya kai mita 260, kuma ko a tsakiyar bazara ruwansa na da sanyin da ke ɗauke numfashi.

Kudu da gari akwai manyan tsaunuka uku a jere: Eiger mai tsayin mita 3,967, Mönch da ya ɗan haura 4,100, da Jungfrau mai 4,158. Don a gane girman abin, Chappal Waddi da ke Taraba, wanda babu tsaunin da ya kai shi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. A ƙarƙashin waɗannan ukun kwaruruka biyu ne suka buɗe, ɗaya ya nufi Grindelwald, ɗaya Lauterbrunnen. Kusan duk yawon da baƙo zai yi a yankin, cikin ɗayansu zai shiga da safe ya dawo da yamma.

Masu zuwa iri-iri ne. Akwai attajiran ƙasashen Larabawa da ke cika manyan otel-otel a lokacin zafi, akwai ayarin 'yan Koriya da Sin da Indiya. Sai kuma matasa masu jakar goyo, waɗanda dukiyarsu kaf tana bayansu, suna kwana a ɗaki mai gadaje shida ko takwas, suna dafa taliya da kansu, don su tara kuɗin da za su kashe a kan abu ɗaya: su hau jirgin sama su diro. Irin tafiyar waɗannan na ƙarshe nake magana a kai.

Takardu, kuɗi, da abin sawa a baki

Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Schengen tun 2008, saboda haka bizar Schengen ake nema, wadda ke ba da izinin zaman da bai wuce kwana 90 ba a cikin kowane kwana 180. Kuɗin bizar ya koma Yuro 90 tun tsakiyar 2024, kuma dole a nuna inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. A riƙe maganar inshorar nan, za mu dawo kanta. Kuɗin ƙasar faran ne, ba Yuro ba.

Tsada kuwa, ba a magana. Farantin abinci a gidan abinci na tsaka-tsaki yakan lashe faran ashirin da biyar zuwa sama. Shi ya sa mai jakar goyo ya fi sanin hanyar kantunan Coop da Migros fiye da ta gidan abinci. Burodi, cuku, ayaba, kifin gwangwani, gyaɗa, cakulan: da su ake yawo. Da yamma in ka leƙa kicin ɗin masaukin matafiya za ka tarar da tukwane huɗu a kan wuta, duk taliya, kowa ya rubuta sunansa da ranar tafiyarsa a kan ledar da ya ajiye a firji, akwai kuma wani kanta da waɗanda suka tafi ke barin ragowar mai da gishiri da shinkafa ga na baya. A fara duba kantan nan kafin a je sayayya. Ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke, sai waɗanda ke tashar jirgin ƙasa ko kusa da ita. Ruwan sha kuma asarar kuɗi ne a saya. Famfunan da ke kwarara a bakin titi da cikin ƙauyuka ruwan sha ne mai kyau, sai fa in an rubuta "Kein Trinkwasser", wato ba na sha ba ne.

Musulmi yana bukatar ya riƙe kalmomi uku na Jamusanci: Schwein alade ne, Speck da Schinken kuma namansa ne da aka sarrafa. Tsiran-turawan da 'yan ƙasar suka fi so, cervelat, akwai alade a cikinsa. Rösti, wato gurzajjen dankali da ake soyawa kamar waina, shi kaɗai ba shi da matsala, amma sau da yawa ana barbaɗa masa Speck, sai an tambaya. Fondue, narkakken cukun da ake tsoma burodi a ciki, da farar giya ake haɗa shi. Albarkacin baƙi Larabawa da Indiyawa, gidajen abincin halal ba sa wuyar samu a cikin Interlaken. A kan tsauni ne babu.

Abin da ke cinye aljihu da gaske shi ne sufurin hawa tsauni. Jiragen ƙasa masu haƙora da ke hawa tudu, da motocin igiya, wato akwatunan da ke rataye a jikin waya suna haurawa da mutane, kowanne da kuɗinsa, kuma ba ƙarami ba. Tikitin zuwa da dawowa Jungfraujoch, tashar jirgin ƙasa mafi tudu a Turai, mita 3,454, ya haura faran ɗari biyu in babu rangwame. Aiki ne na ban mamaki, ba musu: an soma shi a 1896, aka huda rami mai kusan kilomita bakwai ta cikin Eiger da Mönch, aka buɗe a 1912. Amma ni dai a ganina, mai ƙaramin ƙarfi bai yi asara ba in ya bar shi. Cunkoso ne a can, ga shagunan agogo, kuma in gajimare ya rufe, ka biya kuɗin kallon farin bango ke nan. Wanda zai kwana uku zuwa sama a yankin ya zauna da biro da takarda ya kwatanta katin rabin kuɗi na baƙi da fasin yankin na kwanaki, ya ga wanne ya fi masa. Masauki kuma yakan ba da katin baƙo da ake shiga bas ɗin cikin gari da shi kyauta.

Wani ɗan abu da ke rikita sabon zuwa: jirgin da ke tashi daga tashar Interlaken Ost yakan rabu gida biyu a Zweilütschinen, rabi ya yi Lauterbrunnen, rabi ya yi Grindelwald. A karanta abin da aka rubuta a jikin taragon kafin a shiga.

Dirowa daga sama

Baƙon da bai taɓa yi ba ba shi kaɗai yake dirowa ba. Ɗaure shi ake yi a ƙirjin ƙwararre, da ƙugiyoyi huɗu, biyu a kafaɗa biyu a ƙugu, laima kuma tana bayan ƙwararren. A farkon shekarun 1980 wasu Amurkawa biyu, Ted Strong da Bill Booth, suka ƙirƙiro wannan tsari, shi ne ya buɗe wasan ga wanda bai yi horon komai ba. A yankin Interlaken ana yi ta hanya biyu: da ƙaramin jirgin sama daga filin Reichenbach a kwarin Kander, ko da jirgi mai saukar ungulu, wanda ya fi tsada amma yana kai mutum dab da fuskar Eiger. Kuɗin yana farawa daga wajajen faran ɗari huɗu, hoto da bidiyo kuma daban ake biya.

Ga yadda abin yake. Za a ba ka takarda ka sa hannu cewa ka san akwai haɗari. A auna nauyinka, don akwai iyaka, galibi a wajajen kilo ɗari. A sa maka riga mai haɗe da wando, da majanyun da ke zagaye cinya da kafaɗa, da tabarau na roba. Bayanin da za a yi maka bai wuce na minti goma sha biyar ba, kuma abu uku ne a ciki: yadda za ka zauna a bakin ƙofa, yadda za ka gantsare a iska, da yadda za ka ɗaga ƙafa wajen sauka. Jirgin zai yi ta haurawa na kwata ɗin awa ko fiye, kuna zaune a ƙasa a cunkushe, kowa a tsakanin ƙafafun na bayansa. Hira takan mutu da kanta in an wuce rabin hanya. A wajen mita 4,000 sai a zuge ƙofa. Iska mai sanyi ta faɗo ciki da ƙara. Ku ja gindi zuwa baki, ƙafafunka na reto a waje, ka kwantar da ƙeyarka a kafaɗar ƙwararren, hannuwanka riƙe da majanyin ƙirjinka. Ba kai za ka yi tsalle ba. Shi ne zai karkata gaba, ku tafi.

Mutane suna zaton za su ji cikinsu ya yi sama kamar wanda ya faɗo daga bishiya. Daga jirgin sama ba kasafai ake jin haka ba, saboda jirgin da ma yana gudu, sai dai a ji iska tana tokare ƙirji da fuska kamar an kwanta a kan wani abu. Daga mai saukar ungulu, wanda ke tafiya a hankali, an fi jin faɗuwar a daƙiƙun farko. Nan da nan ƙwararren zai jefa wata 'yar ƙaramar laima da ke bin ku a baya. Aikinta rage gudu, don mutum biyu a haɗe sun fi mutum ɗaya saurin faɗuwa. Da ita gudun yake tsayawa a wajen kilomita 200 a awa. Sai ƙwararren ya taɓa kafaɗarka, alamar ka buɗe hannuwa. Daƙiƙa arba'in da biyar ke nan, ko kusa da haka. A wajen mita 1,500 sai babbar laima ta buɗe, a ji an fizge ku sama, ƙara ta ɗauke ɗif, har kuna iya magana. Minti biyar zuwa bakwai za ku yi kuna saukowa, tafkin Thun a ƙarƙashinku, jiragen ruwa kamar ƙwayar shinkafa.

To in laimar ta ƙi buɗewa fa? Tambayar kowa ke nan. Laima biyu ce a jakar. In ta farko ta cukurkuɗe, ƙwararren zai ja hannu ɗaya ya yar da ita, ya ja na biyu ta ko-ta-kwana ta fito, wadda ba kowa ke naɗe ta ba sai mai lasisin wannan aiki. In kuma shi kansa ya suma, akwai wata 'yar na'ura a cikin jakar da ke auna nauyin iska, ta haka take sanin tsayin da ake da kuma gudun da ake yi. In ta ga an sauko wajen mita 580 har yanzu ana gudun faɗuwa, sai ta datse igiyar da ke riƙe da laima ta biyu da kanta. Wani Bajamushe, Helmut Cloth, shi ya fito da fitacciyar irinta mai suna Cypres a farkon shekarun 1990. Ƙungiyar masu wannan wasa ta Amurka ta ƙirga dirowa miliyan 3.65 a 2023, mutum goma suka mutu, kuma akasarin masu mutuwa a wasan ƙwararru ne da ke dirowa su kaɗai. Raunin da ya fi samun baƙo shi ne na idon sawu, in ya manta ya ɗaga ƙafa ya riga ƙwararren taɓa ƙasa.

Mai mura kada ya hau, don kunnen da ya toshe yana azabtar da mutum in tsayi ya sauya da sauri haka. Kada a cika ciki, kada kuma a je da yunwa. Tashin zuciya ya fi zuwa bayan laima ta buɗe, in ƙwararren ya soma juyi, kuma in ka ce masa ya bari zai bari. Mai ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko kafaɗar da ta saba gocewa, da mai juna biyu, su faɗi gaskiya a takardar. Akwai kuma abin da ya shafe mu fiye da Turawa: sikila. Iska tana ƙaranci a mita 3,500 zuwa 4,000, ƙaramin jirgin kuma ba a daidaita iskar cikinsa kamar na fasinja. Mai SS kada ya kusanci wannan tsayi sai da izinin likita. Mai AS ma, wanda a gida ba ya jin komai, an san tsayi irin wannan yana iya taɓa masa saifa, musamman in ga gajiya ga ƙishirwa. Wannan ya shafi Jungfraujoch kamar yadda ya shafi jirgin.

A sa ranar dirowa a farkon zama, ba a ƙarshe ba. Gajimare ko iska kan sa a ɗage, wani lokaci kwana biyu a jere, wanda ya bar ta sai ranar komawa zai koma da labarin "saura kaɗan".

Kada kuma a haɗa abubuwa uku da ba ɗaya ba ne, na farkonsu shi ne dirowar nan daga jirgi. Laimomin da za ka ga suna sauka ɗaya bayan ɗaya a Höhematte, babban filin ciyawar tsakiyar gari, na shawagi ne. Daga gangaren Beatenberg ake ɗan gudu laima ta ɗauke mutum, babu faɗuwa a ciki, kuɗinsa kusan rabin na dirowa. Shi wannan filin, masu otel-otel ne suka haɗa kuɗi suka saye shi a 1864 don kada wani ya yi gini ya tare musu hangen Jungfrau. Na uku kuma su ne masu tsalle daga bakin duwatsun Lauterbrunnen da laima ɗaya tak, ba ta biyu, ba na'ura. Ba sana'ar da ake sayar wa baƙi ba ce, kuma gomomin mutane sun mutu a kwarin nan ta wannan hanya.

Yawon yini a ƙafa

Iyaye in sun ji ɗansu zai diro daga jirgi sai hankalinsu ya tashi, in sun ji zai je yawo a kan tudu sai su ce Allah ya tsare, su ci gaba da harkarsu. Lissafin bai tafi haka ba. Duk shekara gomomin mutane ke mutuwa a Suwizalan wajen yawon tsauni a ƙafa, galibinsu zamewa suka yi suka faɗa. Gaskiya ne masu yawon sun ninka masu dirowa sau da yawa, amma akwai bambancin da ya wuce yawa. A jirgi wani ne ya duba yanayi, wani ya naɗe laima, wani zai ja ta, na'ura kuma na gadinsa. A kan hanyar tsauni kai ne duk waɗannan.

Ƙasar tana da hanyoyin ƙafa masu alama da tsawonsu ya haura kilomita 65,000, kuma launin alamar yana gaya maka abin da ke gabanka. Rawaya zalla hanya ce ta kowa, ko da takalmin gudu. Fari da ja da fari, wanda ake shafawa a jikin duwatsu, hanyar tsauni ce: tana da gangara, da tsakuwa, wani wurin ƙunci da rami a gefe, tana son takalmi mai ƙwarin tafi da mutumin da jiri ba ya ɗibarsa. Fari da shuɗi da fari na masu horo da kayan aiki ne, baƙo ya juya. Allunan ba sa rubuta kilomita, awa da minti suke rubutawa, kuma lissafin na mai tafiya ba tsayawa ne. Wanda bai saba hawa ba ya ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai, ban da hutu da ɗaukar hoto. Hangen Dala ba shiga birni ba ne: bukkar da kake gani kamar ka miƙa hannu ka taɓa tana iya zama tafiyar awa biyu.

Wanda bai taɓa yi ba ya fara da ƙasan kwarin Lauterbrunnen. Hanya ce a miƙe tsakanin bangayen dutse biyu, ruwa na zubowa ta ko'ina, an ce magangaru 72 ne a kwarin. Staubbach tana faɗowa daga kusan mita 300, kafin ta iso ƙasa iska ta mai da rabinta feshi. Trümmelbach kuwa a cikin dutsen take gudu, ana biyan kuɗi a shiga a ga narkakken ruwan manyan tsaunukan uku yana murɗawa ta rami da ƙarar da ba a jin magana. Bayan wannan sai hanyar Männlichen zuwa Kleine Scheidegg, awa ɗaya da rabi, kusan duk gangara ce mai sauƙi, fuskar arewa ta Eiger na gabanka, bango mai kusan mita 1,800 wanda ya ci rayuka kafin mutum huɗu su fara haye shi a 1938. Daga First, saman Grindelwald, awa guda ce zuwa ɗan tafkin Bachalpsee a mita 2,265, inda tsaunuka ke bayyana a cikin ruwa in an yi sammako kafin iska ta motsa shi. Mai son gwada ƙafarsa kyauta ya hau Harder Kulm daga cikin gari, awa biyu da 'yan kai ta cikin daji, ya tsaya a mita 1,322 ya ga tafkunan biyu a lokaci guda.

Babbar tafiyar yini ita ce daga Schynige Platte zuwa First ta kan Faulhorn, kilomita 16, awa shida a allo, a aikace bakwai ko takwas. Faulhorn mita 2,681 ne, akwai tsohon masauki a ƙololuwarsa tun shekarun 1830. Wanda zai yi ta ya hau jirgin farko na safe, ya kuma san ƙarfe nawa motar igiya ta ƙarshe ke sauka daga First, don da yamma lis ake rufewa. In ta wuce ka, sai ka sauko fiye da mita dubu da gwiwoyin da suka riga suka gaji. Ita kuwa doguwar hanyar doron tudun da ake kira Hardergrat, wadda hotunanta suka cika Instagram, ba ta sabon shiga ba ce. Siririn doro ne, ciyawa mai santsi hagu da dama, ba ruwan sha, kuma in ƙasa ta jiƙe ko ƙwararru ba sa hawa.

Yanayi ne mai gari. Duk hawan mita dubu, zafi na raguwa da wajen digiri shida da rabi, saboda haka mai fita da 'yar shimi daga Interlaken zai tarar da sanyin da ya fi na tsakiyar hunturu a kan Faulhorn, ga iska. Manyan hanyoyin ba sa buɗewa sosai sai tsakiyar Yuni zuwa ƙarshensa, su rufe a Oktoba. A watannin zafi kuma hadari yana da ɗabi'ar haɗuwa bayan azahar. Safiya garau, da tsakar rana farin gajimare ya soma tashi kamar tulin auduga, ƙarfe uku gindinsa ya yi baƙi, sai tsawa. Mutumin da ke tsaye a kan doron tudu a lokacin shi ne abu mafi tsawo a wurin. Dalilin da ya sa 'yan ƙasar ke fita da sassafe ke nan, kuma ba sa fita sai sun duba manhajar MeteoSwiss. A ranar 27 ga Yulin 1999 hadari ya zubar da ruwa a saman kwazazzabon Saxetbach, dab da Interlaken, ambaliya ta taho ta tarar da ayarin matasa 'yan yawon buɗe ido suna wasan bin rafi a ciki. Mutum 21 suka mutu, uku daga cikinsu jagorori ne. Daga baya kotu ta sami wasu shugabannin kamfanin da laifin sakaci.

Abin da za a zuba a jaka ba shi da yawa: rigar ruwa, rigar sanyi, hula, ruwa lita ɗaya da rabi ko biyu, abinci, filasta, da taswirar da aka sauke a waya tun a masauki. Man kare fata daga rana ma, don baƙar fata ita ma tana ƙuna a wannan tsayi, leɓe kuma ya tsage. Takalmi shi ne kan gaba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya: sabon takalmin da ba a taka shi na makonni ba zai yi maka bororo tun kafin azahar. A gaya wa wani a masauki inda aka nufa.

Hanyoyin suna ratsa makiyaya. Za ka ji ƙararrawar wuyan shanu tun daga nesa, za ka buɗe ƙyaure ka shiga, ka kuma rufe shi a bayanka. Siririyar igiyar da ta zagaye filin akwai lantarki a jikinta. Duk wanda ya san shanu ya san saniya mai ɗan maraƙi ba abokiyar wasa ba ce, na can ma haka suke, a ba su hanya a zagaye. In an haɗu da mutum a hanya ana gaisawa, a jihar Bern "Grüessech" suke cewa, kuma suna lura da wanda ya wuce bai ce komai ba. Shara kowa da tasa yake komawa. Kafa tanti a inda aka ga dama kuma haramun ne a yawancin ƙananan hukumomin yankin, tara ake ci.

In abu ya faru, lambar jirgin ceto na Rega 1414 ce, 112 ma tana aiki. Za su zo, kuma da sauri. Takardar kuɗin ce za ta biyo baya, ɗauko mutum da jirgi daga kan tsauni kuwa dubban faran ne. A nan maganar inshora ta dawo. Mai arhar da ake saya don cika sharaɗin biza sau da yawa ta cire wasanni masu haɗari, dirowa da laima na cikinsu, wata ma ta sa iyakar tsayin da in an wuce shi babu ruwanta. A nemi shafin da aka jera abubuwan da ba a biya, a karanta shi tun a gida.

Mai salla zai ga yini ya yi masa wani iri. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen biyar da rabi, ba ta faɗuwa sai tara da kusan rabi na dare, lisha ta yi nisa, asuba ta matso, barcin da ke tsakani kaɗan ne ga wanda zai kama jirgin farko. Alƙibla tana kudu maso gabas. Ruwan alwala ba ya yankewa a kan hanya, sai dai sanyinsa yana sa yatsu su ƙage. Tsawon yinin yana da ranarsa: wanda ya sauko daga tsauni ƙarfe shida yana da sauran awa uku na haske, ya isa ya hau bas zuwa Iseltwald a bakin tafkin Brienz ya jiƙa ƙafafunsa. Akwai wata 'yar gadar katako a can da wani fim ɗin Koriya mai dogon zango ya fito da ita, masu zuwa hoto suka yi wa ƙauyen yawa, har a 2023 aka sa mata ƙofa mai karɓar faran biyar. Taku kaɗan daga gefenta bakin ruwan kyauta ne.